Ƙaiƙayi a Cikin Jini

Na iso Maradi da asuba,
ambulan a hammata,
baƙo a jinina.

Tsahara ta sheƙo daga zaure,
hannuwa a buɗe, takalmi ɗaya a ƙafa.
Na ce: tsaya nan, 'yar nan.
Daga nan ma ina ganinki.
Shekara sittin da huɗu ban kori jika ba
sai yau, da umarnin likita.

A Yamai aka yi mini allurar.
Zuwaira sunan yarinyar.
Ta ɗauko sirinji cikin kwanson dalma,
tana riƙe shi kamar garwashi a cokali.
Na ce, wannan ne zai kashe ciwon bayan?
Ta ce, a'a Baba, ba ya warkar da komai.
Ɗan aike ne.
Zai zaga, ya leƙa ko'ina,
ya zauna inda ƙashi ke fama da kansa,
daga can ya yi ta ƙyalli, na'ura ta gani.

Na yi dariya, ta ɗauka tsoro ne.
Ai haka muke yi a Jiratawa.
In ruwa ya baro famfo bai iso fangali ba,
ƙaiƙayi kake watsawa a bakin hanya,
ka bi shi, hannu a baya, ba gaggawa.
Inda ya taru yana juyi,
nan gafiya ta yi rami,
nan ake sace maka ruwa.

Awa uku ina shan ruwa ina jira.
Sannan na kwanta, ƙarfen ya sauko
har ya kusa taɓa mini hanci,
ya bi ni daga kai zuwa ƙafa
bai ce uffan ba.

Na ga kaina a gilashi:
ɗan mutum na toka, ba riga, ba hula, ba fata.
Ashe tsayuwar babana gare ni.
Ga baƙin ɗigo a haƙarƙari,
wannan na san shi,
amalanke ce, shekarar da Gulbi ya cinye mana albasa.
Ga wasu biyu a ƙasan gadon baya.
Waɗannan ban san su ba.
Zuwaira ta ce karatun ba nata ba ne,
in kai wa likitana ranar Laraba.
Ta gyara mini hula kafin in fita.
Har yanzu ina auna wannan gyaran hular.

A mota na tuna Nomau, wana,
shekara goma sha shida a ramin Arlit,
ya dawo da rediyo da tari.
Kakan wannan maganin, in ji yarinyar,
dangin dutsen da suke haƙa ne.
Wato an kai shi ƙetare buhu-buhu,
ya dawo mini ɗigo guda, a jirgi,
na biya da kuɗin tumatir.
Nomau, ko ka san ka yi mini aike?

Ta ce kowace awa shida rabinsa ke mutuwa.
Kafin in hau mota, rabi.
Bayan Doso, rabin rabin.
A Ƙonni na rasa lissafi, barci ya ɗauke ni.
Ban taɓa jin baƙo mai kunya irin wannan ba,
yana tafiya kaɗan-kaɗan
ba sallama.

Yanzu ina kan tabarma ƙarƙashin bedi,
buta ta uku a gefena.
Ambulan na sama, bayan agogon bango.
An ce in bari sai azahar.

Tsahara ta ja layi a ƙasa da tsinke,
ta zauna bayansa, ta kumbura baki.
In na kau da kai sai ta share shi,
ta ja wani a tsakiyar abin da ya rage.
Ina gani ta wutsiyar ido.
Ban hana ta ba.
Ita ma rabi-rabi take ci.

Ladan bai ko taɓa lasifika ba,
ga yatsanta a kan babban yatsan ƙafata.
Ta ce, Kaka, ina hasken?
An ce kana haske.